Yadda Ake Tsara Taswira da Fuskar Wasan Dabarun Mulki: Jagora Daga Aikin Sake Zana Ƙasar Hausa a Europa Universalis IV

Duk wanda ya taɓa zama gaban Europa Universalis IV ya san cewa idonsa ba ya barin taswira. Wasan, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2013, yana farawa ranar 11 ga Nuwamba 1444 ya ƙare a 1821, kuma a tsawon waɗannan shekaru kusan 400 a kan taswira ake yaƙi, a kanta ake ciniki, a kanta ake gane wanda ya yi ƙarfi da wanda ya kusa faɗuwa. Saboda haka mai tsara irin wannan wasa, ko mai yi masa kwaskwarima, wato abin da 'yan wasa ke kira mod, aikinsa na gaske shi ne sa taswira ta amsa tambayar ɗan wasa kafin ya gaji da nema.

Na koyi abin da zan faɗa a nan ne lokacin da na zauna sake zana ƙasar Hausa a cikin wasan. Akwai Kano da Katsina da Zazzau a ciki tun asali, har ma da cibiyar ciniki mai sunan Katsina, amma lardunan yankin manya ne idan aka kwatanta da na ƙasar Jamus, inda ƙananan masarautu suka yi cunkoso. Na so yaƙi tsakanin Kano da Katsina ya zama abin da sai an yi tunani kafin a shiga. Matakan suna aiki ga kowane yanki da ka zaɓa, kuma rabinsu zai amfane ka ko da sabon wasa kake ginawa daga tushe.

Mataki na farko: rubuta tambayoyin ɗan wasa

Kafin ka buɗe kowace manhaja, ɗauki biro da takarda. Ka ɗauka kai ne Sarkin Kano a shekarar 1444. Me kake son sani idan ka dubi ƙasarka? Ta ina abokan gaba za su shigo? Wane gari ne idan ya faɗi kuɗin shiga zai karye? Ta wace hanya ayarin gishiri yake biyowa, kuma wa zai iya tare shi? Rubuta tambayoyi kamar goma, ka jera su daga wadda za a yi sau ɗari a zama guda zuwa wadda sai jefi-jefi. Wannan takarda ita za ta raba maka gardama a duk matakan da ke gaba, don haka ka manna ta kusa da kwamfutarka.

Mataki na biyu: yanka larduna

A nan aikin yake, kuma a nan na fi ɓata lokaci.

Kuskuren da kusan kowa ke fara yi shi ne ɗauko taswirar ƙananan hukumomi ko ta jihohin yau ya bi layukanta. Waɗannan layuka ba su da alaƙa da ƙarni na 15. Iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, alal misali, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20. A zamanin da wasan ya fara, mulki yana bin birane ne da hanyoyi da rijiyoyi: ikon sarki yana da kauri kusa da ganuwa, yana raguwa yayin da ake nisa, har a shiga dajin da ba mai cewa nasa ne. Injin wasan kuwa yana buƙatar layi tsayayye tsakanin lardi da lardi. Hanyar da na ga ta fi dacewa ita ce a fara da ɗigo kafin layi. Sanya ɗigo a kan kowane gari mai tarihi a lokacin: Kano, Katsina, Zariya, Daura, Rano, Gaya, Biram, Agadas. Sannan ka haɗa su da hanyoyin da mutane suke bi. Sai a ƙarshe ka zana iyaka, ka bi da ita ta inda daji ko gulbi ko duwatsu suka raba jama'a.

Kula da shekara. Sakkwato ba ta da gurbi a taswirar 1444, domin sai a 1809 Muhammadu Bello ya gina ta. Surame ta Kanta sai ƙarni na 16, Alƙalawa ta Gobir sai ƙarni na 18, Gazargamu ta Barno kuma an kafa ta ne bayan wasan ya riga ya fara. Fayil ɗin tarihin kowane lardi yana karɓar kwanan wata, don haka kana iya ba babban garin lardi tsohon suna, ka sa sabon sunan ya fito ga wanda ya fara wasan bayan shekararsa. Wanda ya san tarihi zai lura da wannan, kuma zai yarda da sauran aikinka saboda shi.

Girman lardi fa? Ma'aunina shi ne yawan shawarar da za a yanke a wurin. Tsakanin Kano da Katsina tafiyar kusan kilomita 170 ce, cike da garuruwa da gonaki. Idan lardunan biyu suna manne da juna, yaƙinsu zai zama taku ɗaya, wanda ya fi yawan dakaru ya ci. Da na sa larduna biyu ko uku a tsakani, da hanya fiye da ɗaya, sai ga shi ɗan wasa ya fara tunanin ta ina zai ɓullo, a ina zai yi kwanton ɓauna. Amma tsakanin Agadas da Bilma, inda ake tafiyar sama da kilomita 500 cikin rairayi, ba a bukatar yanka da yawa. Siririn lardi ɗaya ko biyu da suka bi ta Fachi sun isa, sauran hamadar a bar ta a matsayin ƙasar da ba a shiga. Ta haka hanyar gishiri za ta zama maƙogwaro: wanda ya riƙe shi ya riƙe ciniki.

Ƙirga maƙwabtan kowane lardi. A wannan wasa, sansani mai ganuwa yana hana dakarun abokan gaba ratsa lardunan da ke kewaye da shi yadda suka ga dama. Lardin da ke da maƙwabta takwas, idan ka ba shi ganuwa, zai toshe rabin yankin. Wannan ya dace da birnin Kano, ganin irin badalar da ta kewaye shi, amma bai dace da ƙaramin gari ba. Maƙwabta huɗu zuwa shida shi ne daidai ga yawancin larduna. Ka kuma guji lardi mai siffar maciji ko wanda ya lanƙwashe kamar lauje, domin sunansa ba zai zauna a kansa da kyau ba, kuma danna shi zai yi wuya.

Kada kuma son yankinka ya sa ka wuce gona da iri. Kowane sabon lardi ƙarin lissafi ne ga kwamfuta, ƙarin arziki ne kuma ga ƙasar da ke da shi. Idan ka ninka lardunan Kano sau uku ba ka rage ƙarfin kowanne ba, za ka wayi gari Kano ta haɗiye Songhai da Barno cikin shekara hamsin a kowane zama.

Mataki na uku: shigar da zanen cikin fayiloli

Kada ka taɓa fayilolin wasan na asali. Buɗe jakar kwaskwarimarka daban, ka kwafo abin da za ka gyara a ciki. Kayan aiki biyu sun ishe ka, kuma duka kyauta ne: GIMP don hoto, Notepad++ don rubutu.

Uwar taswira ita ce provinces.bmp, hoto mai faɗin ɗigo 5632 da tsayin 2048. Kowane lardi yana da launinsa shi kaɗai, kuma da launin nan injin yake gane shi. Yi zane da fensir mai kaifin baki, ka kashe duk wani abu da ke laushe gefen layi, domin ɗigo ɗaya mai gaurayayyen launi lardi ne da injin bai sani ba, kuma yana iya hana wasan tashi. Wajen adanawa ka zaɓi bit 24, ka kuma hana GIMP rubuta bayanan launi a cikin fayil ɗin. Akwai wurin zaɓen haka a akwatin adanawa. Na taɓa kwana biyu ina neman matsala a rubutuna alhali wannan ne kawai na manta.

Daga nan sai definition.csv, inda kowane layi ke ɗauke da lambar lardi, da adadin ja, da na kore, da na shuɗi, da suna, ana raba su da alamar waƙafi mai ɗigo. Ɗora daga lambar ƙarshe da ke ciki, sannan ka je default.map ka ƙara adadin max_provinces ya wuce sabuwar lambarka. Sabon lardi yana bukatar a ambace shi a continent.txt da area.txt da cibiyar cinikin da yake ƙarƙashinta, yana bukatar suna a fayil ɗin fassara, yana kuma bukatar fayil ɗinsa a jakar history/provinces. A can ne za ka rubuta mai mulkinsa, al'adarsa, addininsa, hajar da yake samarwa, da lambobi uku na ci gabansa: haraji, sana'a, da yawan mazan da za a iya ɗauka yaƙi.

Shawarata: lardi ɗaya, ka tayar da wasan, ka tabbatar ya hau, sannan na gaba. Idan ya mutu, buɗe error.log a jakar logs da ke cikin jakar wasan a Documents na kwamfutarka. Kuma ka riƙa ajiye kwafin jakar duk lokacin da abu ya yi aiki, musamman idan wuta na yawan ɗaukewa a unguwarku.

Wurin da gari da dakaru da rubutun suna za su tsaya yana cikin positions.txt. Ba sai ka lissafa da hannu ba. Tayar da wasan da umarnin -debug, za ka ga maɓallin Nudge, wanda ke ba ka damar jan kowane abu da linzamin kwamfuta. Kada ka raina wannan mataki, domin nisan da ke tsakanin matsayar dakaru a larduna biyu yana shiga lissafin kwanakin tafiya.

Mataki na huɗu: tudu, gulbi da yanayi

Tsayin ƙasa yana cikin heightmap.bmp, hoto mai launin toka: baƙi kwari ne, fari tudu, kuma duk ɗigon da lambar haskensa ta yi ƙasa da kusan 94 ruwa ya shanye shi. Ƙasar Hausa shimfiɗaɗɗiya ce, don haka a nan sai an ɗan ƙara gishiri. Dala da Goron Dutse da Kufena da Kwatarkwashi ba za su fito ba idan aka bi ma'aunin gaskiya, alhali su ne alamomin da mutane suka san ƙasar da su. Ɗaga su kaɗan yadda ido zai kama su.

Koguna suna cikin rivers.bmp, kuma su ne suka fi tsauri. Kauri ɗigo ɗaya ne kacal, ɗigon kuma ya haɗu da na gaba ta sama ko ƙasa ko gefe, ban da ta kusurwa. Koren ɗigo shi ne mafarin kogi, ja shi ne inda reshe ya zuba cikin babban kogi, ruwan ɗorawa kuma inda kogi ya rabu biyu. Gwada da kogin Kano da Challawa, waɗanda suka haɗu suka zama kogin Haɗeja, shi kuma ya haɗu da na Jama'are suka nufi tafkin Chadi ta Komadugu Yobe. Kogi ba ado ba ne kawai a wasan: wanda ya kai hari ta hanyar ƙetare shi yana rasa maki ɗaya a ƙuri'ar faɗa, kamar yadda mai hawa tsauni yake rasa biyu. Idan ka bi da iyakar lardi ta bakin kogi, ka ba mai tsaro dalilin tsayawa a wurin, kuma ɗan wasa zai gane haka da ido ba tare da ya karanta komai ba.

A climate.txt ake ware lardunan fari da na damina mai ƙarfi. Yi amfani da shi don arewa da kudu su bambanta a jikin dakaru.

Mataki na biyar: launukan ƙasashe da tabaran taswira

Launin kowace ƙasa yana cikin fayil ɗinta a common/countries. Doka ɗaya ce: maƙwabta kada su yi kama. Kano da Katsina da Zazzau da Gobir za su shekara ɗaruruwa suna gugar juna, don haka su bambanta a launi da kuma a haske, wata mai duhu wata mai haske. Hanyar gwaji mai sauƙi: ɗauki hoton allo, ka mayar da shi baƙi da fari a GIMP. Idan iyaka ta ɓace, to akwai 'yan wasan da ba za su gan ta ba, domin rashin bambance ja da kore matsalar ido ce da ta yawaita, musamman ga maza.

Taswira ɗaya ba za ta ɗauki dukkan bayani ba, shi ya sa waɗannan wasanni suke da abin da nake kira tabarau: ka sa na siyasa ka ga ƙasashe, ka sa na addini, na al'ada, na ciniki, na diflomasiyya. Koma ga takardar tambayoyinka. Kowane tabarau ya amsa tambaya ɗaya. Idan tambayar ta "wane iri" ce, kamar addini, yi amfani da launuka mabambanta. Idan ta "nawa" ce, kamar arziki, yi amfani da launi ɗaya daga mai haske zuwa mai duhu. Idan abu biyu suka haɗu a lardi guda, kamar garin da abokan gaba suka mamaye amma har yanzu mallakarka ne, ratsi-ratsi ya fi sabon launi, kuma haka wasan yake yi tun asali.

Akwai darasi a Crusader Kings III, wanda ya fito a 2020 kuma Daurama ta Daura na cikin sarakunan da yake gabatar wa mai farawa a shekarar 867. A can, idan ka ja baya taswira tana komawa kamar ta takarda, sunayen manyan dauloli kawai ake gani. Idan ka zuƙo sai ƙananan garuruwa su fito. Ɗauki wannan ƙa'ida: kowane nisa yana da nasa bayanin, kuma abin da ba a bukata a wannan nisan a ɓoye shi.

Mataki na shida: fuskar wasa

Duk akwatin da ka buɗe yana rufe wani yanki na taswira, don haka sai ya cancanci wurin da ya ci. Tsarin allunan yana cikin jakar interface: fayilolin .gui suna faɗin inda kowane abu yake da girmansa, na .gfx kuma suna nuna hoton da za a ɗauko. Layin sama yana topbar.gui, allon lardi yana provinceview.gui. Idan ka yi gyara, rubuta reloadinterface a akwatin umarni na cikin wasan, wato console, ka ga sakamako ba tare da ka kashe wasan ba.

Raba bayani hawa uku. Abin da ake dubawa kullum, kamar baitulmali da yawan mayaƙa da kwanan wata, ya zauna a sama ba tare da an danna komai ba. Abin da ake nema lokaci-lokaci ya kasance dannawa ɗaya. Dalilin lamba kuma ya fito a ƙaramin akwatin bayani idan an ɗora linzami a kanta. Wannan hawa na uku shi ne wanda masu farawa suka fi sakaci da shi. Idan ɗan wasa ya ga kuɗin shigar Kano ya ragu, dole akwatin ya nuna masa daga ina: nawa daga haraji, nawa daga rini da saƙa, nawa aka rasa saboda an tare hanyar Agadas. Lambar da ba ta da bayani tana sa mutum ya ji ana yi masa maguɗi. Crusader Kings III ya ƙara wani abu mai kyau a nan, inda kalmar da ke cikin akwatin bayani ita ma take buɗe nata akwatin, ta yadda mai koyo zai bi kalma zuwa kalma ba tare da ya bar wasan ba.

Alamomin gargaɗi da ke jeruwa a sama kuwa, ka yi rowarsu. Ja ga abin da zai yi ɓarna yanzu, ruwan ɗorawa ga abin da zai iya jira, kore ga dama. Idan suka kai goma sha biyu a lokaci guda, ido zai daina ganinsu, ranar da tawaye na gaske ya taso kuma ba za a lura ba. Kowace alama, idan an danna ta, ta kai mutum wurin da zai magance matsalar.

Ga mu masu rubutu da Hausa akwai wata matsala ta daban. Haruffan Europa Universalis IV hotuna ne da aka shirya wa harsunan yammacin Turai, babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsu. Idan ka rubuta Haɗeja ko Alƙalawa, harafin zai fito a lalace ko ya ɓace. Hanya biyu ce: ko ka haƙura da haruffa marasa lanƙwasa, ko ka buɗe hoton haruffan ka sake zana waɗansu da ba ka bukata su zama namu, sannan ka riƙa rubuta waɗancan a madadinsu. Ni ta biyun na bi, kuma ban yi nadama ba, domin ganin sunan gari yadda masu garin ke rubuta shi ya cancanci wahalar kwana ɗaya. Fayilolin fassara kuma sai an adana su da tsarin UTF-8 mai BOM, in ba haka ba wasan ba zai karanta su ba. Ka tuna jimlar Hausa takan fi ta Turanci tsawo, don haka duba kowane maɓalli ka ga ko rubutun ya tsallake bakinsa.

Mataki na bakwai: gwaji

Gwaji iri biyu ne. Na farko na kwamfuta: rubuta observe a akwatin umarni, ka bar wasan ya gudu da kansa shekara ɗari ko ɗari biyu, ka maimaita sau da yawa. Idan ƙasa ɗaya ce ke cinye yankin a kowane zagaye, koma ga lambobin ci gaba da wuraren ganuwa. Idan akwai lardin da ba a taɓa yin faɗa a kansa ba, wataƙila bai kamata ya wanzu ba, haɗe shi da maƙwabcinsa. Umarnin debug_mode zai nuna maka lambar kowane lardi idan kana neman mai laifi.

Na biyu na mutum ne. Samo wanda bai taɓa ganin aikinka ba, ka zaunar da shi, ka karanto masa tambayoyin takardar nan ɗaya bayan ɗaya, sannan ka kame bakinka. Kada ka nuna masa komai da yatsa. Duba inda linzaminsa ke yawo, ka rubuta daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin ya samu amsa. Yi gwajin a ƙaramar kwamfutar cinya mai allon 1366 da 768, irin wadda yawancinmu ke da ita, domin allon da ya yi kyau a babban gilashi yakan rufe rabin taswira a ƙarami.

Ƙanena na fara zaunarwa. Na ce ya nuna mini ta inda gishirin Bilma ke shigowa Kano. Ya fi minti biyu yana buɗe alluna yana rufewa, alhali hanyar tana gabansa, sai dai launinta ya saje da na hamadar da ba a shiga. A daren na ƙara wa hamadar duhu, na ɗan faɗaɗa lardin Fachi, na matsar da sunansa zuwa tsakiya da Nudge. Washegari na kira wani abokinsa na yi masa tambayar, ya ɗora yatsa a kan hanyar kafin in rufe baki.